Akwatin Alkawari Yana Aksum Ne? Magana Ga Matashin Da Ke Shirin Fita Waje



A ikkilisiyoyinmu, in aka ce wane ya tafi ziyara ƙasar waje, ba sai an faɗi sunan ƙasar ba. Isra'ila ce. Zai dawo da ruwan Urdun a gora, da ɗan gicciye na itacen zaitun, a kuma liƙa masa JP a bayan suna. Ba ni da ja a kan wannan. Sai dai yawancin masu zuwa iyayenmu ne, ko waɗanda suka sami kujerar gwamnati. Mu matasa abin da ke fitar da mu daban ne: karatu, taro, saro kaya, aikin jinya, ƙwallo. Da yawa cikinmu jirgin Ethiopian Airlines suke hawa daga Abuja ko Kano ko Legas, su sauka a filin jirgin Bole a Adis Ababa, su yi awa uku suna neman wurin cajin waya, su wuce Dubai ko Landan. Ba ya ko faɗo musu a rai cewa suna zaune ne a ƙasar da ikkilisiyarta ta kusa shekara 1,700.

Ra'ayina shi ne, duk wanda Allah ya buɗe wa hanyar fita, ya mai da ko da tafiya ɗaya ta zama ziyara tasa ta kansa, ba sai hukuma ta shirya masa ba, kuma Habasha ta cancanci wannan. Amma mai zuwa can dole ya iya rarrabe tarihi da almara. A Habasha su biyun a ɗaki ɗaya suke kwana, ɗan rakiyar da zai zaga da kai kuma da murya ɗaya zai faɗa maka su.

Abin ya dame ni ne saboda gorin da kowannenmu ya sha a makaranta ko a kasuwa, wai muna bin addinin Bature. Da yawa daga cikinmu sun fara mai da martani da Habasha, sun kuwa yi daidai. Matsalar ita ce irin kayan da muke ɗauka mu yi martanin da su. Saƙon WhatsApp ne da aka turo, mai cewa akwatin alkawari yana Afirka, sarakunan Habasha jinin Sulemanu ne, mala'iku ne suka gina majami'unsu. Ranar da ka haɗu da wanda ya yi karatu, cikin minti biyar zai rushe maka waɗannan, ka koma gida kana tunanin ko sauran abin da ka gaskata ma haka yake. Alhali ainihin tarihin ya fi ƙarfin a rushe shi.

Mu fara da Aksum, can arewa a yankin Tigray. A ƙarni na 4 hedkwatar babbar daula ce, mai tashar jiragen ruwa a Adulis a bakin Bahar Maliya, tana ciniki da Rumawa da Larabawa da Indiyawa, tana kuma buga kuɗinta na kanta. Kuɗin nan su ne shaidar da ta fi burge ni. Tsabar farko ta Sarki Ezana tana ɗauke da jinjirin wata da faifai, alamar allolin kakanninsa. Tsabar da ta biyo baya, sarkin nan ne dai, sunansa ne a jiki, amma gicciye ne a kanta. Haka ma rubuce-rubucen da ya sa aka sassaƙa a duwatsu: a na farko yana kiran kansa ɗan Mahrem, allahn yaƙi, a wani na baya kuwa, da Helenanci, ya ambaci Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wannan ba labarin kunne ya girmi kaka ba ne. Ƙarfe ne da dutse, suna nan a ajiye, kowa na iya zuwa ya duba.

Yadda bisharar ta isa fadar ma abin a tsaya a kai ne. Wasu yara biyu daga Taya, Firumentiyus da Edesiyus, suna cikin wani jirgin ruwa da aka far wa a gaɓar Bahar Maliya. Aka kashe manya, aka kai yaran fadar Aksum bayi. Suka girma a can, aka amince da su, Firumentiyus ya riƙa tara fatake Kiristoci suna sujada. Daga baya ya tafi Iskandariya ya roƙi a aika wa ƙasar bishop, sai Atanasiyus ya naɗa shi da kansa ya mai da shi. Wanda ya rubuta labarin, Rufinus, ya ce daga bakin Edesiyus ya ji, lokacin yana firist a Taya. Akwai kuma wasiƙar da Sarkin Rum Konstantiyus ya aika wa Ezana da ɗan'uwansa wajen shekarar 356, wadda ta ambaci Firumentiyus da suna. Shaidu daban-daban, daga wurare daban-daban, suna faɗin abu ɗaya. Yaron da aka kama bawa ne ya kai bishara, kamar yarinyar gidan Na'aman, kamar kuma namu Ajayi Crowther wanda aka naɗa bishop a 1864. Duk wannan ya faru wajen shekara 250 kafin Agustin ya sauka Kent a 597 don ya yi wa Ingilishi wa'azi, kuma fiye da shekara 1,500 kafin Gowans da Kent da Bingham su sauka Legas a 1893. In ana neman amsar gorin nan, ga ta nan, ba a buƙatar ƙara mata gishiri.

To amma a garin nan na Aksum, cikin harabar majami'ar Maryam Tsiyon, akwai wani ɗan ƙaramin gini da aka kewaye da shinge. Mutanen ƙasar sun ce a ciki akwatin alkawari yake, wanda Musa ya sa aka yi. Ɗan zuhudu guda ne ke tsaronsa, ba ya barin wurin har ya mutu, ba kuma wanda ake bari ya shiga sai shi. Labarin ya fito ne daga wani littafi mai suna Kebra Nagast, wanda aka harhaɗa da harshen Ge'ez a ƙarni na 14. A cikinsa sarauniyar Sheba, wadda suke kira Makeda, ta koma gida da cikin Sulemanu, ta haifi Menelik. Da ya girma ya je ganin ubansa a Urushalima, da zai dawo kuma 'ya'yan manyan Isra'ila da aka haɗa shi da su suka ɗauko akwatin a ɓoye.

Labari ne mai daɗin ji. Amma buɗe 1 Sarakuna sura 10 da 2 Tarihi sura 9. Sarauniyar ta zo da tambayoyi da kyautai, ta ga hikimar Sulemanu, ta koma ƙasarta. Ba aure, ba ciki, ba ɗa. Sa'an nan ka duba 2 Tarihi sura 35, inda Sarki Yosiya yake ba Lawiyawa umarni a kan akwatin a Urushalima, wajen shekara 300 bayan Sulemanu. In an sace shi tun zamanin Sulemanu, a kan me Yosiya yake magana? Tsakanin Sulemanu da littafin da ya ba da labarin satar akwai fiye da shekara 2,000. Ka kuma lura da lokacin da littafin ya fito. A 1270 wani sabon gidan sarauta ya karɓe mulki daga gidan Zagwe, yana cewa shi ne zuriyar Sulemanu ta gaskiya, littafin nan kuma shi ya zama takardar shaidarsa. Maganar ta daɗe har ta shiga tsarin mulkin ƙasar na 1955, zamanin Haile Selassie.

Ni dai ban gaskata akwatin Musa yana Aksum ba, ban kuma ga dalilin ɓoye hakan ba. Bangaskiyata ba ta rasa komai da wannan. Annabi Irmiya, a sura 3 aya 16, ya riga ya faɗa cewa kwanaki na zuwa da ba za a ƙara ambaton akwatin ba, ba za a yi kewarsa ba, ba kuwa za a ƙera wani ba. Ko da gobe za a buɗe ƙofar nan a same shi a ciki, ba zai ƙara ko ɗigo a kan abin da aka gama a gicciye ba.

Duk da haka ban yarda da ɗan'uwan da zai je bakin shingen ya ɗauki bidiyo yana dariya ba. Mu da muka tashi da labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu a Daura ya kamata mu fi kowa sanin aikin almara. Ba wanda ke zuwa Daura don ya auna tsawon macijiyar. Labarin yana amsa wata tambaya ce daban: su wane ne mu, me ya haɗa mu? Sarauniyar Sheba ma haka take. Mutanen Yemen suna nuna kangon haikali a Marib da sunan Bilkisu, Ijebu a jihar Ogun suna nuna kabarinta a Oke-Eri, Habasha kuma suna nuna kangon fadarta da wurin wankanta a Aksum. Ba zai yiwu duka su zama daidai ba, amma dukansu suna faɗin abu guda, cewa su ma suna cikin labarin da Allah yake rubutawa, ba 'yan kallo ba ne. A Habasha wannan tunani ya shiga sujada sosai. Kowace majami'ar Otodoks tana da abin da suke kira tabot, allon da ke wakiltar akwatin, kuma ba a ɗaukar gini a matsayin majami'a sai da shi. A bikin Timkat cikin Janairu, na tunawa da baftismar Yesu, firistoci suna fitowa da shi a ka, a lulluɓe, jama'a na waƙa da rawa a gabansa kamar yadda Dawuda ya yi. Mutanen da suka ɗauki kansu masu riƙon amanar Allah sun riƙe bangaskiya cikin yaƙe-yaƙe da yunwa, har da yaƙin ƙarni na 16 da aka ƙona majami'u masu yawa, ciki har da tsohuwar ta Aksum. Wanda bai taɓa biyan irin wannan farashi ba, ya yi dariyarsa a hankali.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Ka saurara da ladabi a can, in ka dawo kuma aka ba ka makirfo a zumuntar matasa, ka ce ka ga inda suka ce akwatin yake. Kada ka ce ka ga inda yake. Kalma biyu ce tsakaninsu, amma ɗaya shaida ce, ɗaya shaidar zur. Luka ya buɗe bishararsa da cewa ya bi diddigin kome tun daga farko kafin ya rubuta. Mu da muke karanta shi ba mu da hujjar yin sakaci da abin da muke faɗa a gaban ikkilisiya.

Lalibela kuwa wani abu ne daban, kuma a nan na fi so in daɗe. Gari ne a kan duwatsu a yankin Amhara, kimanin mita 2,500 sama da teku, mai majami'u 11 da ba gina su aka yi ba. Sassaƙa su aka yi daga dutse, daga sama zuwa ƙasa. Ka yi tunanin abin. Mutane suka tsaya a kan fa, suka haƙa rami mai zurfi kewaye da wani katon dunƙulen dutse, sa'an nan suka huda shi suka shiga ciki suna fitar da ginshiƙai, da tagogi, da bakuna, da matakala, duk daga jiki ɗaya. Mai gini da bulo in ya yi kuskure sai ya rushe ya sake. Mai sassaƙa in ya sare abin da bai kamata ba, shi ke nan, ba a mayarwa. Sun kuma yi lissafin damina, suka yanka magudanan ruwa don kada ramukan su cika. Majami'ar Giyorgis, wadda aka fi ɗauka a hoto, siffar gicciye ce in ka leƙa ta daga sama, rufinta daidai da ƙasar da kake tsaye a kai. Ana danganta aikin da Sarki Lalibela na gidan Zagwe, wanda ya yi mulki ƙarshen ƙarni na 12 zuwa farkon na 13, ko da yake masana binciken kufai suna ganin wasu sassan sun girme shi. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1978. Wani firist ɗan Fotugal, Francisco Alvares, da ya gan su a shekarun 1520, ya rubuta cewa yana tsoron ba za a gaskata shi ba in ya ci gaba da bayani.

Ɗan rakiya zai gaya maka cewa mutane suna aiki da rana, mala'iku su karɓa da dare su ninka. Na ɗauki wannan a matsayin tawali'u, irin na mutanen da suka yi abin da ya fi ƙarfinsu suka ƙi karɓar yabo. Amma ka sa hannu a bango, za ka ji sawun kurfi da guduma. Hannuwan mutane ne, 'yan Afirka, waɗanda ba a rubuta sunayensu ba.

Akwai kuma almara ta biyu a kan Lalibela, wadda ba daga Habasha ta fito ba. Wani marubuci ɗan Birtaniya, a littafin da ya fitar a 1992, ya kawo ra'ayin cewa wasu mayaƙan Turai na zamanin yaƙin gicciye ne suka sa hannu a aikin. Ba wata shaidar da ta tsaya a kan haka. Irin wannan ne aka yi wa kawunan Ife, lokacin da Bajamushe Frobenius ya gan su a 1910 ya ce aikin mutanen wata ɓatacciyar ƙasa ce mai suna Atlantis. Ba duk almara ce ke da kyakkyawar niyya ba. Ta mala'iku tana mai da yabo ga Allah, ta mayaƙan Turai tana ƙwace shi daga hannun baƙar fata. Saboda haka bayan ka tambayi wa ya faɗa da yaushe, ka ƙara da tambayar wa labarin yake ɗagawa, wa kuma yake dannewa.

Wani abu kuma game da Lalibela. Rafin da ya ratsa wurin sunansa Yordanos, wato Urdun, akwai kuma Golgota da Baitalami cikin sunayen majami'un. An ce sarkin ya so ya yi wa mutanensa sabuwar Urushalima ne, bayan Salahuddin ya ci birnin a 1187 tafiya ta yi wuya. Har yau a Kirsimetinsu, farkon Janairu, dubban talakawa sanye da fararen mayafai suna takowa da ƙafa, wasu kwana da kwanaki. Wannan ya tuna mini da maganar Yesu da matar nan Basamariya a bakin rijiya, cewa sujada ta gaskiya ba a ɗaure take da wani dutse ko wani birni ba. Don haka kada wani ya karanta wannan ya je ya ci bashi, ko ya taɓa kuɗin makaranta. Ziyara ba farilla ba ce a gare mu. Tsohuwar da ba ta taɓa wuce Kafanchan ba, tana addu'a da asuba, ba wanda ya fi ta kusa da Ubangiji don ya hau jirgi.

Wani lokaci ma bincike yakan ba da abin da ya fi almara ban mamaki. A gidan 'yan zuhudu na Abba Garima kusa da Adwa akwai littattafan bishara na fata masu zane. Almara ta ce Abba Garima ya rubuta su a yini ɗaya, Allah ya tsai da rana har ya gama. Da aka gwada shekarun fatar a ɗakin bincike, sai ta nuna tsakanin ƙarni na 4 da na 7, wato suna cikin littattafan bishara masu zane mafi tsufa a duniya, kuma da harshen Afirka. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa sai 1932 ya fito. Wani lokaci kuma binciken yakan gyara mu. Baban nan da Filibus ya yi wa baftisma a Ayyukan Manzanni sura 8, Kandakatun da yake yi wa aiki sarauta ce ta matan da suka mulki Meroe, a Sudan ta yau, arewa da Khartum. Ɗan Afirka ne dai, amma ba daga Aksum ba.

Kada kuma duwatsu su hana ka ganin mutane. A ƙarshen Nuwamba 2020, ana gab da babban bikin Maryam Tsiyon, sojojin Eritriya suka kashe ɗaruruwan fararen hula a titunan Aksum, kamar yadda ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ba da rahoto. Yaƙin Tigray bai tsaya ba sai Nuwamba 2022, a 2023 kuma aka yi faɗa a kewayen Lalibela. Masallacin Negash ma, wurin da ake tunawa da Musulmin farko da suka gudo daga Makka wani sarki Kirista ya ba su mafaka, bai tsira daga ɓarnar yaƙin ba. Maƙwabtanmu Musulmi sun san labarin Najjashi sarai, mu ne ba mu cika saninsa ba, ko da yake Kirista ne ya yi abin kirkin. Ka bincika yanayin tsaro sosai kafin ka sayi tikiti. In kuma ka je, mai sayar maka da kofi wataƙila ya binne ɗan'uwansa ba da daɗewa ba. Ɗan Filato ko Kudancin Kaduna ko Gwoza ba ya buƙatar a koya masa yadda ake zama da irin wannan mutum.

Za ka ga abubuwan da ba su yi daidai da koyarwarmu ba: hotunan tsarkaka, girmama Maryamu fiye da yadda muka saba, Littafi Mai Tsarki mai littattafai 81, wuraren da mata ba sa shiga. Ba dole ka yarda da su ba. Ka cire takalminka a ƙofa kamar kowa, 'yar'uwa ta yafa mayafi, ka tambayi izini kafin ka ɗaga waya.

In kuma kana da sauran kwana biyu, ka gangara kudu zuwa Soddo a ƙasar Wolaita. SIM, mishan ɗin da ta haifi ECWA, ta shiga Habasha a 1927 ƙarƙashin Dokta Thomas Lambie. A 1937 Italiyawa 'yan mamaya suka kori Turawan mishan daga yankin, suka bar masu bi da ba su kai ɗari ba, da ɗan abin da aka fassara na Maganar Allah. Aka ɗaure wasunsu, aka yi wa wasu bulala. Da Turawan suka dawo bayan an kori Italiya a 1941, dubbai suka tarar, manoma ne suka yi wa manoma wa'azi. Daga nan ikkilisiyar Kale Heywet ta bunƙasa, ma'anar sunan kuwa Maganar Rai. Wannan labarin namu ne na masu bishara, muna kuma son sa, shi ya sa adadin yakan ƙaru daga wannan mumbari zuwa wancan. Ka shiga sujadarsu ran Lahadi, bayan an tashi ka nemi dattijon da kakansa yana cikin waɗanda aka ɗaure, ka tambaye shi sunan kakan, da ƙauyensu, da kurkukun da aka kai shi, ka rubuta a littafinka.